Yadda Shirin Zaman Kotu Ke Kawo Sulhu a Shari'ar Rabuwar Aure: Jagora ga Lauyoyi

Mafi yawan shari'o'in rabuwar aure ba sa kaiwa ranar da alƙali zai saurari shaidu ya yanke hukunci. A hanya ake sasantawa, wani lokaci a ofishin mai shiga tsakani, wani lokaci a barandar kotu saura minti kaɗan a kira ƙara. Wannan ne ke ruɗin wasu lauyoyi, su ɗauka tunda sulhu za a yi, tara hujja da shirya shaidu ɓata kuɗin mutane ne. Sai su zauna teburin sulhu ba su san nauyin shari'arsu ba, su yi ta ciniki a makance.

Kowane tayi da aka ajiye a teburin sulhu, da abu ɗaya ake auna shi: me alƙali zai yanke idan an kasa daidaitawa? A 1979 wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Robert Mnookin da Lewis Kornhauser, sun yi rubutu a mujallar shari'a ta Jami'ar Yale inda suka nuna cewa ma'aurata masu rabuwa a ƙarƙashin inuwar doka suke ciniki. Wanda ya fi sanin inda inuwar ta faɗa shi ke riƙe da ciniki. Sanin nan kuwa ba ya samuwa sai da aikin da ake yi wa zaman kotu: karanta takardu, tantance shaidu, ƙiyasta dukiya, gano raunin ɓangarenka kafin abokin hamayya ya gano shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: rubuta hukuncin da kake so tun a makon farko

Kafin ka tura wa kowa wasiƙa, zauna ka rubuta daftarin hukuncin da kake fatan alƙali ya sa wa hannu. Wa zai zauna a gida? Nawa za a biya, yaushe, har zuwa yaushe? Ina yara za su kwana ranar Talata? Idan ka kasa rubuta shi dalla-dalla, ba ka san abin da kake nema ba tukuna.

Daga nan ka ɗauki kowane sakin layi na daftarin ka yi masa tambaya uku: wace doka ce ta ba alƙali ikon yin wannan, waɗanne abubuwa ne dole a tabbatar masa, kuma wace takarda ko wane shaida zai tabbatar da kowanne. Duk inda amsa ta uku ta zama babu, nan aikinka yake.

Dokar wurin da kake aiki ita za ta tsara komai, kuma bambancin yana da girma. A Amurka jihohi 9, ciki har da Kalifoniya da Texas, suna ɗaukar dukiyar da aka tara cikin aure a matsayin ta mutum biyun tare. Sauran jihohin suna barin alƙali ya raba bisa abin da ya ga adalci, wanda ba lalle ya zama rabi da rabi ba. A Ingila da Wales alƙali yana bin sashe na 25 na dokar aure ta 1973, yana duba buƙatu, kuɗin shiga, shekaru, tsawon aure da gudummawar kowa. Tun hukuncin shari'ar White da White a 2000 kuma, ba a fifita wanda ya nemo kuɗi a kan wanda ya riƙe gida da yara. Akwai kuma ƙasashen da dukiyar kowa ke zama tasa, inda rigima ke komawa kan wa ya sayi me da kuɗin wa.

A wannan matakin ne za ka faɗa wa wanda kake wakilta magana mai ɗaci. Sau da yawa abin da ya fi ci masa rai, wato cin amana ko wulaƙanci, ba shi da nauyi wajen rabon dukiya. Kalifoniya ta fara sakin da ba sai an ɗora wa wani laifi ba a 1970, New York ta bi sahu a 2010, Ingila da Wales a Afrilun 2022. Inda hali ke yawan shiga lissafi shi ne idan an yi facaka da dukiyar aure da gangan, ko kuma halin ya shafi lafiyar yara. Ka saurari labarin da haƙuri, domin mutumin da ba a saurara ba ba ya yarda da sulhu. Amma ka raba masa abin da ya yi masa ciwo da abin da kotu za ta auna.

Mataki na biyu: jadawalin kwanaki

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Jera ranar aure, ranar haihuwar kowane yaro, ranar sayen kowace kadara, ranar canjin aiki, ranar da aka daina zama tare. A gefen kowace rana ka rubuta takardar da ta tabbatar da ita. Ranar rabuwa tana da muhimmanci na musamman, domin a wurare da yawa daga ita ake daina lissafa abin da mutum ya samu a cikin dukiyar aure. Idan miji ya ce Maris, mata ta ce Nuwamba, kuma an biya wani babban kuɗi a Yuli, ka ga inda faɗan zai tsaya.

Mataki na uku: bin sawun kuɗi

Nan ne yawancin shari'o'i ke tashi ko su faɗi, don haka za mu daɗe a kansa.

Kotuna da yawa suna tilasta wa kowane ɓangare ya bayyana dukiyarsa da bashinsa bisa rantsuwa. A Ingila da Wales ana cike fom ɗin da ake kira Form E, ana musayarsa kwana 35 kafin zaman farko, tare da bayanan banki na wata 12, takardun albashi na ƙarshe guda 3, da lissafin kasuwanci na shekara 2 ga mai kamfani. A Kalifoniya mai ƙara yana da kwana 60 daga shigar da ƙara ya miƙa bayaninsa na farko. Ko da dokar wurinka ba ta fayyace haka ba, wannan ma'auni ne mai kyau na mafi ƙarancin abin da za ka nema. Idan kana zargin an daɗe ana shirin rabuwa a ɓoye, nemi shekara 3 ko fiye.

Karɓar takardun ba shi ne aikin ba, karanta su layi-layi shi ne aikin. Ɗauki bayanin banki na wata guda. Ka ga an tura kuɗi zuwa wani asusu mai lambobin ƙarshe 4471, ka duba fom ɗin rantsuwa, babu asusu mai wannan lamba. Ka ga kowane wata ana cire kuɗin inshorar wata mota da ba a ambata ba. Ka ga albashin da ke shiga asusu bai kai wanda ke kan takardar albashi ba, alamar ana karkatar da wani kaso zuwa wani wuri. Ka ga an fara cire tsabar kuɗi kaɗan-kaɗan wata 8 kafin a shigar da ƙara, alhali da ba a yi. Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce da za ka rubuta, da lambar shafi da kwanan wata.

Hanyoyin ɓoye dukiya ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Ana ƙirƙiro bashi, a ce ɗan'uwa ne ya ba da rance shekarun baya, babu takarda, babu alamar shigar kuɗin. Ana roƙon wurin aiki ya jinkirta biyan wani alawus sai bayan shari'a. Mai kamfani yakan sa sunan wani a jerin ma'aikata ana biyansa albashi ba ya aiki, ko ya jinkirta aika wa abokan ciniki takardar neman biya don ribar shekarar ta yi ƙasa. Ana mayar da kadara sunan aboki a farashin banza da niyyar karɓo ta daga baya. Magani mafi sauƙi shi ne kwatanta takardun da mutum ya rubuta lokacin da yake son ya nuna yana da arziki da waɗanda ya rubuta yanzu. Takardar neman rancen banki ta shekara biyu da suka wuce takan faɗi gaskiyar da fom ɗin kotu ya ɓoye.

Idan an ƙi ba da takarda, kada ka tsaya kan wasiƙun roƙo. Ka ba da wa'adi a rubuce, in ya wuce ka nemi kotu ta ba da umarni, ko ta aika wa banki ko wurin aiki sammaci. Lauyan da ya yi barazana sau uku bai aikata ba ya koya wa abokin hamayyarsa cewa maganarsa iska ce.

Yadda wannan ke jawo sulhu a bayyane yake. Kotuna suna hukunta ɓoye dukiya da zafi. A shari'ar Rossi a Kalifoniya, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2001, matar da ta ɓoye kuɗin cacar da ta ci, fiye da dala miliyan 1.3, ta rasa shi gaba ɗaya, aka ba mijin. A shari'ar Sharland a 2015, Kotun Ƙolin Birtaniya ta warware yarjejeniyar da aka cimma saboda mijin ya yaudari kotu game da shirin sayar da hannun jarin kamfaninsa. Lauyan ɗaya ɓangaren ya san waɗannan. Da zarar ka ajiye masa tambayoyi 12 masu lambar shafi, zai koma ya gaya wa wanda yake wakilta cewa gara a daidaita da a sha waɗannan tambayoyi a gaban alƙali.

Wuƙar nan baki biyu gare ta. Bincika takardun naka ɓangaren da irin tsananin da ka bincika na wancan. Ka kuma gargaɗi wanda kake wakilta tun ranar farko da abu biyu. Na ɗaya, kada ya goge saƙo, hoto ko wani abu da ya wallafa a Facebook ko WhatsApp, domin gogewa kan fi abin da aka goge illa. Na biyu, kada ya buɗe wayar abokin zamansa ko akwatin imel ɗinsa a ɓoye. A Ingila hukuncin shari'ar Imerman na 2010 ya rufe wannan ƙofa, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne da zai iya jawo wa lauyan kansa matsala idan ya karɓi takardun.

Mataki na huɗu: darajar abu ba ita ce lambar da ke jikinsa ba

Zana tebur guda na dukiya: kowace kadara a layinta, sunan wanda ke riƙe da ita, darajar da kake da'awa, darajar da wancan ɓangaren ke da'awa, bashin da ke kanta, da abin da zai rage idan an sayar. Teburin nan zai nuna maka cewa a cikin abubuwa 20, wataƙila 3 ne kawai ake jayayya a kansu da gaske.

Gida ana kiran ƙwararren mai ƙiyasin kadara, a cire bashin da ke kansa da kuɗin da za a kashe wajen sayarwa da harajin riba idan akwai. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ɓangarorin biyu su amince da ƙwararre ɗaya. Ya fi arha, kuma yana kashe gardama.

Kamfani ya fi wuya. Akanta zai duba ko darajar tana cikin kayan kamfanin ne ko cikin ribar da yake kawowa, ya gyara lissafin ta hanyar cire hidimomin gida da aka cusa cikin na kasuwanci, kamar motar iyali da tafiye-tafiyen hutu. Ka kula da kuskuren ƙirga abu sau biyu: a ƙiyasta kamfani bisa ribarsa a raba, sannan a sake ɗaukar ribar nan a lissafa kuɗin ciyarwa da ita. Kotuna sun sha bamban kan wannan, ka san matsayin taka.

Fansho shi aka fi mantawa, kuma sau da yawa shi ne na biyu a girma bayan gida. Gida mai darajar miliyan 60 da fansho mai darajar miliyan 60 ba ɗaya ba ne. Gida ana kwana a cikinsa yau, ana biyan kuɗin gyaransa. Fansho ba a taɓa shi sai bayan shekaru, kuma galibi akwai haraji a kansa. Wanda ya karɓi gida ya bar fansho yana iya tsufa ba abin hannu. Wanda ya karɓi fansho ya bar gida yana iya rasa inda zai ajiye yara. A Amurka yawancin fanshon kamfanoni ba ya rabuwa sai da wani umarnin kotu na musamman da ake kira QDRO, wanda dole mai kula da asusun ya amince da lafazinsa. Haraji ma yana canza lissafi: a can, yarjejeniyar da aka ƙulla bayan 31 ga Disamba 2018, mai biyan tsohuwar mata ko tsohon miji kuɗin tallafi ba ya samun rangwamen harajin tarayya a kansa, mai karɓa kuma ba ya biya.

Abin da aka shigo da shi aure, ko gado, ko kyauta, wanda ke da'awar nasa ne shi kaɗai shi zai bi sawun kuɗin daga tushe. Idan gadon ya shiga asusun haɗin gwiwa ya cakuɗe da albashi shekara 10, da wuya a tsamo shi. Ka gano haka yanzu, kada ka gano a gaban alƙali.

Mataki na biyar: yara

Maganar yara ba a yi mata lissafin kasuwa. Ma'aunin da kusan duk kotuna ke bi shi ne abin da ya fi zama alheri ga yaron, kamar yadda sashe na 3 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya tanada. Alƙali yana son ya san wa ke kai yaro makaranta, wa ke zuwa asibiti da shi, wa malamai suka sani, yaya nisan gidajen biyu, kuma wanne daga cikin iyayen zai bar yaron ya ci gaba da hulɗa da ɗayan.

Don haka hujjar da ke aiki mai sanyi ce: takardun makaranta, katin asibiti, jadawalin aikin kowane ɗaya, saƙonnin da ke nuna yadda ake tsara ɗauko yara da mayar da su. Sa wanda kake wakilta ya rubuta jadawalin mako biyu, awa-awa, yadda yake so rayuwar yaran ta kasance. Uban da ke neman rabin lokaci amma yana tashi aiki ƙarfe 8 na dare zai ga giɓin da kansa a kan takarda, ya nemi abin da zai iya. Uwar da ke cewa kwana ɗaya a wata ya isa za ta ga yadda hakan zai yi kama a idon alƙali.

Kada a taɓa koya wa yaro abin da zai faɗa. Jami'an da kotu ke turawa su tattauna da yara sun saba jin kalmomin manya a bakin ƙanana, kuma rahotonsu yana da nauyi ƙwarai. Kada kuma a yi musayar kwanakin yara da kuɗi. Lauyan da ya shigar da buƙatar riƙon yara don kawai ya tsorata uwa ta rage abin da take nema ya cutar da yaran da ba su ɗauke shi aiki ba, kuma ba su da mai kare su a ɗakin.

Idan akwai duka, barazana ko tsoro a cikin auren, tsarin ya canza. Umarnin kariya ake fara nema, kuma ba a haɗa mutanen biyu a ɗaki ɗaya da sunan sulhu, domin wanda ke tsoro zai amince da komai don ya fita. Idan akwai fargabar a fitar da yaro ƙasar waje, duba ko ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan sace yara, ka kuma nemi umarni kan fasfo tun da wuri.

Mataki na shida: gwada shari'arka da idon abokin hamayya

Rubuta jawabin rufewa da lauyan wancan ɓangaren zai yi, mafi ƙarfin da za ka iya. Sannan ka jera tambayoyi 10 mafi zafi da za a titsiye wanda kake wakilta da su. Nuna masa takardun da ke ƙaryata shi, ka tambaye shi bayaninsu. Ka san iyakar da ƙa'idar aikinka ta sa: a Amurka an yarda lauya ya yi bitar shaida da mai ba da ita muddin bai koya masa ƙarya ba, a Ingila kuwa an hana bita da horar da shaida kan abin da zai faɗa, sai dai a bayyana masa yadda zaman kotu ke gudana.

Amfanin wannan ga sulhu biyu ne. Kai za ka san ko mutuminka zai tsaya da ƙafarsa ko zai fusata ya rushe a tambaya ta uku. Shi kuma zai ɗanɗani abin da ke jiransa. Mutane da yawa suna zuwa da mafarkin ranar da za su tsaya su zayyana wa alƙali duk abin da aka yi musu. Idan suka fahimci cewa za a katse su, a tambaye su kuɗin da suka kashe a wata rana shekara 4 da suka wuce, a karanta saƙon da suka tura cikin fushi da tsakar dare, sai sha'awar ta ragu.

Shaidu ma a tace su. Ɗan'uwa da zai ce mutumin kirki ne ba ya ƙara komai. Malamin da ya ga wanda ke zuwa taron iyaye ya fi 'yan'uwa biyar.

Mataki na bakwai: fitar da iyakokin sulhu da lissafi

Yanzu kana da abin da za ka yi lissafi da shi. Ga misali. A ce an yarda cewa dukiyar aure miliyan 80 ce, za a raba daidai, kowa 40. Jayayya tana kan wata kadara ta miliyan 20 da miji ke cewa tasa ce tun kafin aure. Idan matar ta yi nasara za a raba kadarar nan ma biyu, ta tashi da 50, idan ta faɗi 40. Bayan ka bi sawun kuɗin, ka ga damarta kamar kashi 60 cikin 100 ce, wato a matsakaici tana sa ran 46. Zaman kotu zai ci wa kowane ɓangare miliyan 3. Ke nan duk tayin da ya haura 43 ya fi mata zuwa kotu. Shi kuma mijin yana sa ran ba da 46 ya ƙara kashe 3, don haka duk abin da bai kai 49 ba ya fi masa. Tsakanin 43 da 49 akwai fili mai faɗi.

Yanzu a ce babu wanda ya yi shiri. Matar tana ganin damarta kashi 90 ce, ba za ta karɓi ƙasa da 46 ba. Mijin yana ganin damarta kashi 10 ce kawai, ba zai ba da fiye da 44 ba. Filin ya ɓace. Dukiyar ba ta canza ba, dokar ba ta canza ba, zato ne kawai ya raba su, kuma za su ƙona miliyan 6 kafin alƙali ya gaya wa ɗayansu ya yi kuskure. Aikin shiri shi ne matso da ƙiyasin ɓangarorin biyu kusa da juna har filin ya bayyana.

Rubuta wa wanda kake wakilta wannan lissafi: mafi kyawun sakamako, mafi muni, wanda ya fi yiwuwa, kuɗin da ya rage a kashe, da watannin jira. Ƙara abin da lamba ba ta ɗauka, kamar ɗaukaka ƙara, wahalar karɓo kuɗi daga wanda aka tilasta wa biya, da kuma cewa mutanen nan biyu za su ci gaba da haɗuwa a kan yaransu shekaru masu yawa. Shi ne mai yanke shawara, ba kai ba, amma ya yanke ta da ido buɗe.

Shirin kansa a auna shi da girman abin da ake jayayya a kai. Ba a ɗauko akanta mai tsada don kadarar da ba ta kai kuɗin aikinsa ba. Fara da abin da ba shi da tsada, wato jadawali da tebur da karatun takardun banki, ka ajiye ƙwararru sai inda tazarar ta cancanta.

Mataki na takwas: kai shirin teburin sulhu

Lokacin tayi yana da muhimmanci. Kafin a gama musayar bayanan dukiya, tayi caca ne. Ana gobe zaman kotu kuwa an riga an kashe kuɗin da ake son tsimi, zukata sun bushe. Lokaci mafi kyau shi ne bayan rahotannin ƙiyasi sun fito, kafin a fara kashe kuɗin makonnin ƙarshe.

Tayin ya zo da hujjarsa: teburin dukiya, dokar da ka dogara da ita, shafukan da ke goyon bayan kowace lamba, da daftarin hukunci a shirye don sa hannu. Ka rubuta shi da sanin cewa ba lauya kaɗai zai karanta ba, mijin ko matar ma za su karanta. Zagi ko gori a sakin layi na farko yana kashe tayin da lambobinsa ke da kyau. A yawancin dokoki maganar da aka yi don neman sulhu ba a kawo ta gaban alƙali a matsayin hujja, amma ka tabbatar ka sa wa wasiƙar alamar da dokar wurinka ta buƙata.

Tsarin Ingila ya nuna dangantakar nan ƙarara. Akwai zaman da ake kira FDR, inda kowane ɓangare ke zuwa da takardunsa da tayinsa, alƙali ya saurara ya faɗi abin da yake ganin kotu za ta iya yankewa, sannan a fita a tattauna. Alƙalin nan ba ya sauraron shari'ar idan ta ci gaba. Wanda ya zo irin wannan zama da tebur mai giɓi, ra'ayin alƙali zai ginu ne a kan teburin abokin hamayyarsa.

Me za ka nuna, me za ka riƙe? Duk abin da doka ta wajabta bayyanawa, a bayyana shi ba wasa. Abin da ya rage naka shi ne yadda za ka yi amfani da shi. Ra'ayinmu shi ne a shari'ar iyali a nuna mafi yawan ƙarfi tun a teburin sulhu, domin hujjar da aka ɓoye ba ta motsa kowa. Abin da ake riƙewa shi ne jerin tambayoyin titsiye, musamman idan ana zaton mutum zai gyara labarinsa in ya gan su.

Ka kuma nemo abin da kotu ba za ta iya bayarwa ba amma sulhu zai iya. Ɗaya yana son ya zauna a gida har ƙaramin yaro ya gama makaranta, ɗaya yana son kada a taɓa kamfaninsa. Ɗaya yana son kuɗi a dunƙule yanzu, ɗaya yana son biya a hankali. Wanda ya san dukiyar ciki da waje shi ke hango irin wannan musaya.

Mataki na tara: rubuta yarjejeniya kamar za a yi shari'a a kanta

Daftarin da ka rubuta a makon farko yanzu zai yi amfani. Kowane alƙawari ya zo da suna, adadi, rana, da abin da zai faru idan an saɓa. Idan za a sayar da gida: wa zai zaɓi dillali, a wane farashi za a fara, bayan kwana nawa za a rage, wa ke biyan bashin gidan kafin a sayar. Idan ɗaya zai riƙe gidan: zuwa wace rana zai cire sunan ɗayan daga bashin, kuma idan banki ya ƙi fa. Ka tuna yarjejeniyar ma'aurata ba ta ɗaure banki. Bashin da ke da sunan mutum biyu, banki zai bi duk wanda ya samu ko da takardar saki ta ce ɗaya ne zai biya.

Kalmomi irin su "lokacin da ya dace" ko "kamar yadda aka amince" a jadawalin yara gayyatar sabuwar rigima ce. Rubuta rana, awa, wurin miƙa yara, rabon hutun makaranta, wa ke riƙe fasfo, da yadda za a sanar da tafiya. Kuɗin ciyarwa a faɗi ranar biya, hanyar biya, abin da zai sa a sake duba shi, da inshorar rai idan mai biya ya rasu. Takardar raba fansho a tura wa mai kula da asusun ya duba lafazinta kafin a rufe fayil. A sa sakin layi da ke cewa kowa ya bayyana duk abin da ya mallaka, da hukuncin kadarar da aka gano daga baya.

Idan an daidaita da dare bayan awa 10 ana tattaunawa, a rubuta manyan sharuɗɗan a sa hannu kafin a tashi, amma ka tabbatar wanda kake wakilta ya fahimci kowane layi, ba gajiya ce ta sa shi amincewa ba. Sannan a kai yarjejeniyar kotu ta mayar da ita hukunci, domin a wurare da yawa takardar da alƙali bai amince da ita ba tana da wuyar aiwatarwa, kuma abin da ya shafi yara kotu na da ikon ƙin karɓarsa. Kada ka nemi a soke ranar zaman kotu, kada ka sallami shaidu ko akanta, sai hukuncin ya fito da sa hannun alƙali da hatimin kotu.